Ana ce mini Malam a waya, ofis kuma ya kawo kalmar da ta tsorata ni

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce, shekarata 27, ina aiki a sashen amsa kiran abokan ciniki na wani kamfani. Allah ya yi ni da murya mai kauri tun tasowata. A rana nakan amsa kira sittin ko fiye, kuma da wuya a tashi aiki ba a samu mutum goma da suka ce mini "Malam" ko "ranka ya daɗe" ba. Wannan na saba da shi. Damuwata wani abokin aikina ne. Tun ranar da ya ji wani mai kira ya ce mini Yallaɓai, sai ya laƙaba mini "Alhaji". Kullum "Alhaji ka iso?", "Alhaji ka gama?", a gaban kowa. Da farko na riƙa dariya don kada a ce ban san wasa ba. Yau wata bakwai ke nan, har sababbin ma'aikata sun fara ɗauka. Shugabar sashenmu ta ji da kunnenta, ta kira ni ofis, ta rubuta takardar ƙorafi da Turanci, ta ce in sa hannu. A ciki ta rubuta wai yana yi mini "misgendering". Da na koma gida na duba kalmar a intanet, sai na ga duk labaran masu sauya jinsi ne a Amurka da Turai. Anti, ranar ban yi barci ba. Ni ban sauya komai ba, yadda aka haife ni haka nake. In na sa hannu, ba na amsa cewa ni irinsu ba ce? Mece ce ainihin ma'anar kalmar nan? Kuma don Allah ki faɗa mini gaskiya, akwai abin da ke damun muryata ne?

Ƙanwarki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki. Kalmar nan ba ta faɗi komai a kanki ba, a kan bakin mai magana take.

Gutsure biyu aka haɗa aka yi ta. Na farko "mis", ɗafa-goshi ne da Turawa ke liƙa wa aikatau don su nuna an yi abin ba daidai ba. Shi ne a farkon kalmarsu ta rashin fahimta, da ta kuskuren haɗa baƙaƙe, da ta ɓatar da mutum hanya. Na biyu "gender", wato jinsi. In kin haɗa su kin sami "misgender": a kira mutum, ko a ambace shi, da jinsin da ba nasa ba. Wutsiyar "ing" da shugabarku ta ƙara mayar da aikatau ɗin ta yi sunan aiki, kamar yadda muke cewa "kira" daga "ya kira". Shi ke nan. Duk wanda aka ce ya yi wannan abu, shi ne ya kuskure ko ya karkace. Wanda aka yi wa yana nan yadda yake. In wani ya kuskure sunanki ya ce miki Binta alhali ba sunanki ba ne, ba a ce kina da suna biyu ba, an ce bai kira daidai ba. Ko jariri aka ɗauko cikin zane fari wata ta ce "Allah ya raya shi" alhali mace ce, Bature zai iya amfani da wannan kalma, kuma ba wanda zai yi zaton jaririyar ta sauya wani abu.

To me ya sa intanet ta cika miki ido da wancan labari? Saboda a can ne kalmar ta yi kasuwa. Daga shekarun 2010 zuwa yau, muhawara ta yi zafi a Amurka da Turai kan mutanen da aka haifa a jinsi ɗaya amma suke ɗaukar kansu, suke kuma rayuwa, a ɗayan, da wasu da suke cewa ba sa cikin ko ɗaya. Su suka fi yawan amfani da kalmar, don su bayyana abin da ke yi musu zafi in an kira su da wakilin sunan da suka bari, wato "shi" ko "ita". Rigimar ta shiga kamfanoni da kotuna. Twitter ya sa dokar hana bin irin waɗannan mutane da wannan kira da gangan a 2018, sannan ya cire ta a watan Afrilun 2023 bayan kamfanin ya sauya hannu. A Ingila, wata mata mai suna Maya Forstater ta rasa aikinta saboda ta rubuta cewa jinsin haihuwa ba ya sauyawa. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta harkokin aiki ta yanke cewa dokar daidaito ta 2010 ta kare mata wannan ra'ayi, amma a cikin hukuncin dai alƙalin ya ja kunne cewa riƙe ra'ayin bai ba kowa lasisin muzanta abokin aiki da irin wannan kira ba. Ki lura da wannan, don zai yi mana amfani: har a inda ake ta da jijiyar wuya a kan kalmar, kotu ta raba abin da mutum ya yi imani da shi da abin da yake yi wa wanda suke zaune ofis ɗaya.

Abin da suke jayayya a kai a can shi ne wane jinsi ne "daidai" ga mutum, na haihuwa ko wanda ya ce shi ne. Ke kuwa babu mutum biyu a duniya da suke saɓani a kan naki. Shi kansa mai ce miki Alhaji ya san ke mace ce. Da bai sani ba, da wasan bai yi masa daɗi ba. Saboda haka kin faɗo cikin ma'anar kalmar ta asali, mai faɗi, ba cikin wancan lungu da injin bincike ya fi nuna miki ba. Injin bincike abin da aka fi surutu a kai yake ɗorawa a sama, ba abin da ya fi yawan faruwa ba. Wallahi matan da ake ce wa "Malam" a waya da mazan da ake ce wa "Hajiya" ba su da iyaka, sai dai ba wanda ke rubuta labarinsu.

Wani abu da nake so ki kiyaye, in za ki yi wa wani bayani da Hausa: kada ki fassara ta da "sauya jinsi". Na ji masu yin haka, kuma nan ne ruɗani ke shigowa, don "sauya jinsi" a kunnen Bahaushe aikin mutum ne a jikinsa. Ki ce "kuskuren jinsi a magana", ko ki faɗa yadda muke faɗa tun fil azal: "ya ce mini kai", "ya mai da ni namiji". Ni a ganina ma namu ya fi nasu, don kalmar Turancin ta cusa abu biyu cikin buhu ɗaya. Da wanda harshensa ya yi tuntuɓe, da wanda ya shirya cin fuska, duk kalma ɗaya take ba su. Mu kuwa muna da suɓutar baki, muna da ganganci, kuma ba ma haɗa su. Matsalarki ma kashi biyu ce a kan wannan layi: masu kira a gefe guda, abokin aikinki a ɗaya gefen.

Bari in ɗan tsaya a kan harshenmu, don shi ya sa abin ya fi yi miki yawa fiye da yadda zai yi wa mai aiki irin naki da wani harshe. Bature in yana magana da ke kai tsaye, wakilin suna ɗaya gare shi, ko mace ko namiji. Sai ya juya zai ba wani labarinki ne dole ta kama shi ya zaɓi "shi" ko "ita". Baturke ko wannan bai dame shi ba, "o" yake cewa ga kowa. Haka mutanen Finlan da "hän", haka Farisanci, haka Sawahili da "yeye". Fulatanci da Barbarci da Yarbanci da Ibo duk ba su raba mace da namiji a wakilin suna. Shi ya sa wanda ya koyi Hausa da girma daga cikin waɗannan harsuna zai shekara talatin yana ce wa matarsa "ka zo", ba da wata manufa ba, don a harshen da ya sha a nono babu wannan rami balle ya koyi tsallake shi. Hausa kuwa, kamar Larabci mai "anta" da "anti", ba ta barin ki buɗe baki sai kin yanke hukunci. Kai ko ke. Ka ji ko kin ji. Sunanka ko sunanki. Naka ko naki, ranka ko ranki, sannu da aikinka ko aikinki, kai ne ko ke ce. Ki ƙirga: "Malam, ka duba mini lambata, na kira ka jiya ba ka ɗauka ba." Jimla ɗaya, sau huɗu ya mai da ke namiji, alhali kuskure ɗaya ya yi, a daƙiƙa biyun farko da ya ji muryarki. Sauran nahawu ne ya ja shi. In kin riƙa jin abin kamar an doke ki sau huɗu, ki tuna jifa ɗaya ce.

Suna ma ba ya ceton mutum kullum. Muna cewa kalmar da ta ƙare da "a" galibi tamace ce, sai ga Hamza da Musa da Isa da Huzaifa duk maza. Nura a wurinmu namiji ne, a ƙasashen Larabawa sunan mata ne. Andrea a Italiya namiji, a Jamus mace. Ni kaina na taɓa shafe wata biyu ina musayar saƙon imel da wani mutum a kan aiki, ina rubuta masa duk ladabin da ake yi wa babbar mace, saboda sunansa ya yi mini kama da na mata. Ranar da muka haɗu ta bidiyo sai ga gemu har ƙirji. Na rasa inda zan sa fuskata. Ya yi dariya ya ce ya lura tun saƙo na biyu, ya bar ni ne don ya ga ina girmama shi fiye da yadda maza ke yi. Na ba shi haƙuri da jimla ɗaya muka shiga aikinmu. Da na tsaya ina ta rantse-rantse da neman gafara, da na mai da shi mai rarrashi, abin da ba nauyinsa ba ne.

Sai ita wayar. Kaurin murya ya danganta da saurin kaɗawar wasu tantani biyu da ke cikin maƙogwaro, bayan zakaran wuya. Na maza sun fi tsawo da kauri, sai su kaɗa a hankali, kamar sau 85 zuwa 180 a daƙiƙa. Na mata sukan kaɗa kamar sau 165 zuwa 255. Kin ga akwai fili a tsakiya inda muryoyin suka haɗu, kuma mutane da dama lafiyayyu a nan Allah ya ajiye su. Layin waya na gargajiya kuwa ba ya ɗaukar sauti duka. Sautin da ke kaɗawa tsakanin sau 300 da sau 3,400 a daƙiƙa kawai yake wucewa da shi, ya zubar da na ƙasa da na sama. Ma'ana, ainihin gindin muryarki ba ya isa kunnen mai kira, ƙwaƙwalwarsa ce ke cike gurbin da abin da ya saura. Ga shi ba ya ganin fuska, ba ya ganin sutura, wataƙila yana tsaye a bakin titi cikin hayaniya, ransa a ɓace don kuɗinsa sun maƙale. A wannan hali yake yin canke, sai ya faɗa rami. Mutumin nan bai raina ki ba, bai ma san ki ba.

Maganin masu kira mai sauƙi ne, kuma ina mamakin da ba a koya muku shi a horon aiki ba. Ki riga su. Maimakon "Barka da rana, me zan taimaka da shi?", ki buɗe da "Barka da rana, Malama wance ce ke magana." Kalmar Malama da wannan "ce" ɗin sun gama aikin kafin kunnensa ya fara canke. Mafi yawansu daga nan za su kama "ki". Wanda ya wuce da "Malam" duk da haka, ki duba: in kiran minti ɗaya ne, bar shi ya tafi, ba za ki sake jin sa ba. In magana za ta yi tsawo, ki saka gyaran cikin aiki ba tare da kin tsaya ba: "Malama ce, ranka ya daɗe. Ka ce lambar ta ƙare da nawa?" Kada ki bar shiru bayan gyaran. Shirun nan shi ke sa mutum ya ji kunya, kunya kuma ta sa wani ya fara kare kansa da "ai muryarki ce kamar ta maza", ki ji abin da ba ki so.

Ke ma ai kina fuskantar irin wannan daga ɗaya ɓangaren, don ba kowace murya kike ganewa ba. Hausar da ta ɗaure mu ita ta bar mana ƙofa. Akwai "ku" na girmamawa: "Sannunku, ranku ya daɗe, me kuke buƙata?" Akwai kuma lamirin da ba ya nuna kowa: "An wuni lafiya? Da wa ake magana? A ba ni lambar." Turawa sun sha gumi kafin su yarda a yi amfani da wakilin sunansu na jam'i, "they", ga mutum ɗaya, har ƙamus ɗin Merriam-Webster ya zaɓe shi kalmar shekara a 2019, mutanen Suwidin kuma sai da suka shigar da sabuwar kalma, "hen", cikin ƙamus ɗin hukumar harshensu a 2015. Mu kakanninmu sun bar mana "an" da "ku" kyauta, kuma babu wanda zai ji su ya ce an yi baƙon abu.

Yanzu ga Alhajin naki, ko in ce mai Alhaji.

Wannan ba tuntuɓen harshe ba ne. Ya ga inda ke miki ciwo, ya sa yatsa, ya ga an yi dariya, ya mayar da shi sana'a. Wata bakwai. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Ba zan ce miki mugu ne ba, don ban san shi ba, kuma akwai mutanen da Allah ya yi su da kauri a ka, in ba a faɗa musu da baki ba ba za su taɓa ganewa ba. Amma zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba: dariyar nan da kika yi da farko, shi a wurinsa izini ce. Ban ga laifinki ba. Mace a wurin aiki takan yi dariyar da ba ta kai ciki ba sau goma a rana don a zauna lafiya. Sai dai wargi wuri yake samu, kuma a duk wasiƙarki ban ga inda kika ce kin dube shi kin ce ya bari ba. In an kira shi gaban manya gobe, abin da zai fara faɗa ke nan: "Ai tare muke dariya, ba ta taɓa cewa ba ta so ba." Kuma za a sami masu gyaɗa kai.

Saboda haka ki toshe wannan ƙofa kafin takarda ta yi tafiya. Ki roƙi shugabarku ta ba ki mako ɗaya. Ki same shi ba a tsakiyar jama'a ba, amma da mutum ɗaya da kuke ganin girmansa ku biyu, ki faɗa masa gajeriyar magana, fuska ba dariya ba kuma fushi: "Malam wane, sunan nan da kake kira na da shi ba na so. Na yi shiru ne don zaman tare. Daga yau ka kira ni da sunana, ka ce mini ke." Kada ki kawo tarihin muryarki, kada ki ce yana sa ki kuka, kada ki ba shi hujja goma. Duk hujjar da kika bayar kin ba shi abin musu. Zai ce wasa ne. Ki ce, "Na sani, shi ne na ce a bari." Zai ce kowa ma yana faɗa. Ki ce, "Kai ka fara, kai nake so ka fara bari." Ki tashi.

Sababbin ma'aikatan kuwa ba sai kin yi taro da su ba. Yawancinsu sun zo sun tarar ana yi ne, suna zaton sunan wasa ne da kike so. Duk wanda ya ce Alhaji, ki ce "sunana wance", ki ci gaba da abin da kike yi. Sau biyu ya ishi mai hankali. Kuma kada ki amsa kiran. In an ce "Alhaji" daga bayanki, wuyanki kada ya juya. Suna ba ya zama sai ana amsa shi.

In ya bari, kin huta, shi ma ya tsira da mutuncinsa, ki koma ki gaya wa shugabarku an daidaita, ki yi mata godiya. Ta kyauta, don shugabanni da yawa da kunnensu za su ji su yi kamar ba su ji ba. In kuwa ya ci gaba, ko ya sauya salo ya koma kwaikwayon muryarki, ko ya daina gaishe ki yana zuga wasu, to ki rubuta rana da lokaci da abin da ya faɗa da wanda ke wurin, ki je ki sa hannu ba tare da wata fargaba ba. A lokacin ba ke kika kai shi ba, shi ya kai kansa.

Game da takardar kanta, ga abin da zan yi da ni ce. Zan karanta ta layi-layi, ba a tsaye a ofis ba, a zaune a natse. Zan nemi a rubuta abin da ya faru ƙarara a cikinta: cewa ni mace ce, cewa wane yana kira na Alhaji yana yi mini magana da lamirin maza a gaban ma'aikata tun watan kaza, cewa na hana shi ranar kaza a gaban wane bai bari ba. In wannan bayani yana ciki, ko an bar kalmar Turancin ko an cire, babu mai karantawa ya fahimci wani abu daban. In har yanzu kalmar tana yi miki nauyi a zuciya, kina da damar cewa a musanya ta da "tsangwama" ko "cin fuska a wurin aiki". Ƙorafinki ne, ba na shugabarku ba, kuma bai kamata ki sa hannu a kan kalmar da za ki kasa kare ta in an tambaye ki ba. Ina ma zargin ita kanta ta ɗauko kalmar ne daga littafin ƙa'idojin kamfani ko wani horo da aka yi musu, ba ta kawo a ranta za ta firgita ki ba. Ki tambaye ta kuma me zai biyo baya: gargaɗi ne, ko sauya masa sashe, ko kora? Ki sani kafin ki sa hannu, don kada daga baya a yi abin da ya fi abin da kike nufi ki zo kina cizon yatsa. Ki karɓi kwafi ki ajiye.

Saura tambayarki ta ƙarshe, wadda nake jin ita ce ta fi hana ki barci. Kin ce tun tasowarki muryar haka take. In haka ne, mafi rinjaye halitta ce kawai, kamar tsawo ko girman ƙafa. Ki duba danginku, da wuya ki rasa gwaggo ko inna mai irinta. Kuma ba aibi ba ce. Margaret Thatcher, wadda ta yi firaministar Birtaniya daga 1979 zuwa 1990, sai da ta nemi mai koyarwa ya taya ta saukar da muryarta don a riƙa jin nauyin maganarta. Abin da wata ta nema da horo, ke an ba ki. Gidajen rediyo ma irin muryarki suke so, don tana zama a kunne.

Inda zan ce ki ga likita shi ne in muryar ta sauya daga baya. In da ba haka take ba sai ta yi ƙasa cikin 'yan watanni, ko ta dushe ta wuce mako uku zuwa huɗu ba mura, ko kina jin zafi ko wani abu ya tokare in kina haɗiya, ki je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa. Masu aikin magana yini guda, irinku da malaman makaranta, sukan sami ɗan ƙullutu a tantanin murya saboda gajiya. Hayaƙin taba yana kumbura tantanin ya kaurara muryar mace. Tsamin ciki da ke tasowa zuwa maƙogwaro yana dusar da ita. Raunin ƙwayar tayirod da ke gaban wuya ma yana yi. In kuma tare da sauyin murya kin ga gashi yana fito miki a haɓa ko ƙirji, ko al'adarki ta rikice, wannan likitan mata ne, a auna sinadaran jikinki. Ki kuma gaya masa duk wani magani ko allura da kike sha, musamman na ƙara ƙiba ko ƙarfi da ake saya ba takardar likita, don wasunsu suna ɗauke da sinadarin maza, kuma kaurin da suke sa wa murya ba lallai ya koma ba ko an daina. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, kada ki kashe kuɗinki.

Abu ɗaya da zan roƙe ki: kada ki fara matse murya kina siranta ta don masu kira. Na san masu yi. Kira sittin a rana da muryar aro, kafin wata uku za ki jawo wa maƙogwaronki ciwon da da babu shi. Ki ajiye ruwa kusa da ke, ki riƙa kurɓa tsakanin kira, ki daidaita abin kunnen yadda ba sai kin ɗaga murya ba, in kin sami hutun minti goma ki yi shi shiru.

Ki rubuto mini bayan kin yi magana da shi. Ina son in ji abin da ya ce da kika ce masa "kai ka fara".